Kwana a Daji Kai Kaɗai: Gaskiya ko Jita-jita?

Kwana a daji ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mafarauci yana yi, makiyayi yana yi, mai ɗiban zuma da mai saran itace suna yi, haka ma direban da mota ta lalace masa nesa da gari. A Turai da Amurka kuwa mutum yakan goya jaka da tanti ya shiga daji shi kaɗai don hutawa kawai. Ko sana'a ta kai mutum ko sha'awa, akwai maganganun da aka gada a kan wannan kwana, ana faɗarsu kamar an gwada. Mun ɗauko takwas daga ciki mun auna su da abin da aka tabbatar.

Zaki da kura su ne babban haɗari

Jita-jita. Zakunan da suka rage a Najeriya suna Yankari ne a Jihar Bauchi da kuma gandun dajin Tafkin Kainji, kuma a ƙiyasi ba su kai 50 ba. Binciken da aka wallafa a 2014 ya nuna cewa duk Afirka ta Yamma kimanin zakuna 400 suka saura. Kura tana nan, kuma takan ja mai barci a fili, amma ba kasafai ba.

Wanda ya fi su ɓarna shi ne wanda ake kora da tafin hannu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa zazzaɓin cizon sauro ya kashe mutum 597,000 a 2023, kuma kimanin kashi 30 cikin 100 na mamatan a Najeriya suke. Macen sauron da ke ɗauke da cutar tana cizo ne daga magariba zuwa asuba, daidai lokacin da mutum ke kwance. Zazzaɓin ba ya tashi sai bayan mako ɗaya ko biyu, shi ya sa ba wanda ke ɗora wa daren dajin laifi. Raina kama ka ga gayya.

Akwai kuma abin da ba a ɓoye shi a yau. A dazuzzuka irin su Rugu da Kamuku da Sambisa, da yankin gandun dajin W na iyakar Nijar da Benin da Burkina Faso, abin tsoro ɗan'adam ne mai bindiga. Ba dabara ko kayan aikin da zai sa kwana a irin waɗannan wurare ya zama hankali.

In ka hura wuta ba dabbar da za ta matso

Da gaskiya a ciki, amma ba ta cika ba. Yawancin namun daji suna kauce wa wuta, domin wuta alama ce ta mutum, su kuma tsoron mutum suke yi. Amma dabbar da ta saba da mutane, ko yunwa ta matsa mata, wuta ba ta tare ta. A 1898, lokacin da ake gina gadar jirgin ƙasa a kan kogin Tsavo a Kenya, zakuna biyu sun yi watanni suna jan leburori daga tantunansu da dare. An kewaye sansanin da shingen ƙaya, an riƙa hura wuta har gari ya waye, duk bai hana su ba, sai da injiniyan aikin, John Patterson, ya harbe su a watan Disamba na shekarar.

Abin da ke jawo kura da dila zuwa makwanci shi ne ƙanshin abinci. Tukunyar da ba a wanke ba da ƙashin da aka jefar kusa da tabarma sun fi ƙarfin wutar da aka hura. A ci abinci nesa da wurin kwana, a kawar da ragowar. Ita kanta wutar abar tsoro ce ga mai barci shi kaɗai, musamman da hunturu, lokacin da ciyawa ta bushe kuma iska na kaɗawa. Hadisai a Bukhari da Muslim sun yi umarni da kashe wuta kafin barci, kuma a daji dalilin ya fi fitowa fili.

In maciji ya sare ka, ɗaure wurin, tsaga shi, tsotse dafin

Jita-jita, kuma ita ce ta fi kowace cutarwa. Saran maciji yana kashe tsakanin mutum 81,000 zuwa 138,000 a duniya kowace shekara, kuma a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka shi cikin manyan cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa sakaci. A dazukanmu kububuwa ce ta fi kisa. Gajeriya ce, launinta ya saje da ƙasa, kuma da dare take fita.

Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa. A asibitin masu saran maciji na Kaltungo a Jihar Gombe, da sauran wuraren da suka san aikin, gwajin farko mai sauƙi ne. Ana ɗibar ɗan jini a zuba a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta, a ajiye ta minti 20 ba a taɓa ba, sannan a karkata ta. Jinin mai lafiya zai riga ya yi guda ya tsaya. Idan ya kwararo kamar yanzu aka zuba shi, dafi ya shiga jiki, sai a ɗaura allurar maganin dafi. To, mutumin da jininsa yake a wannan hali, wanda dasashinsa ma ke tsiyayar jini, shi ne ake ce wa ya sa reza ya tsaga ƙafarsa.

Ɗauri mai tsanani da igiya ko roba yana tsayar da jini zuwa gaɓar, naman ya mutu, har a kai ga yanke ƙafa. Tsotso ba ya fitar da dafin da ya riga ya shige nama. Baƙin dutsen da ake mannawa a kan saran yana kama fata ne don yana shan danshi, amma gwaji bai nuna yana zuƙe dafi ba. Babbar illar waɗannan duka ita ce cinye lokacin da ya kamata a ce ana hanyar asibiti.

Abin yi shi ne a matsa daga wurin macijin, a cire zobe da agogo da takalmi kafin kumburi, a hana gaɓar motsi da karan itace da ƙyalle ba tare da an matse ba, a ɗauki mutum zuwa asibiti. A nan kaɗaici ke nuna kansa: wanda yake shi kaɗai ba mai ɗaukarsa, dole ya taka ƙafar da aka ce kada ya motsa.

Rigakafin da ya tabbata shi ne takalmi mai rufe idon sawu, tocila a hannu duk inda za a taka da dare, da kwana sama da ƙasa cikin gidan sauro da aka cusa bakinsa ƙarƙashin shimfiɗa. Gamsheƙa takan sari mutane suna barci a ƙasa, kamar yadda likitan nan David Warrell ya nuna a aikinsa a Zariya cikin shekarun 1970. Da safe kuma a kakkaɓe takalmi kafin a zura ƙafa, saboda kunama.

Ruwan da ke gudu, mai haske, ba ya cutarwa

Jita-jita. Ƙwayoyin kwalara da taifot da masu kawo gudawa ido ba ya ganinsu, kuma ba ka san mushen da ke kwance a saman rafin ba. A tafasa ruwa ya yi minti ɗaya yana tafarfasa, ko a sa ƙwayar kulorin. Tsargiya ma ba sai an sha ruwan ba: tsutsarta tana shiga ta fata ga mai wanka ko mai ratsa tafki. Kurkunu kuwa, da ake ɗauka ta ruwan sha, an tabbatar da kawar da shi daga Najeriya da Nijar a 2013, amma har yanzu ana samunsa a Chadi.

Busasshen rafi da gindin babbar bishiya su ne makwanci mafi kyau

Jita-jita. Yashin busasshen rafi yana da laushi, ba ƙaya, ba tsakuwa, shi ya sa yake jan mai gajiya. Amma ruwan da zai cika shi ba dole ne ya sauka a kanka ba. Hadari na iya zuba a kan duwatsu kilomita da yawa daga inda kake, kai kana ganin taurari, ruwan ya taho cikin dare ɗauke da itatuwa da laka. Mutanen Agadas sun san wannan: a watan Satumba na 2009 ruwan da ya gangaro daga duwatsun Abzin ta rafin Telwa ya rushe dubban gidaje a garin. Ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba ya isa ya kayar da babban mutum.

Bishiyar da ke tsaye ita kaɗai a fili kuwa ita aradu ta fi faɗa wa, kuma tanti ba ya kare kowa daga aradu. Ga busasshen reshe da iska ke karyowa, ga zuma da macizai a kogon kuka. A nemi ɗan tudu da ba shi ne mafi tsawo ba, nesa da bakin ruwa, kuma ba a kan burtali ko turbar dabbobi ba. Hadisi a Muslim ya hana matafiyi sauka a kan hanya da dare, saboda nan ne mabiyar dabbobi da miyagun ƙwari.

A ƙasar zafi sanyi ba ya kisa

Jita-jita. Da zarar zafin cikin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35 a ma'aunin salshiyas, mutum ya shiga haɗari, kuma ba sai da ƙanƙara ake kaiwa nan ba. Jiƙaƙƙiyar riga da iska da gajiya da yunwa sun isa, balle a tsaunukan Jos ko Mambila, ko a Abzin inda ruwa kan daskare da dare a lokacin sanyi. Ƙasa tana zuƙe ɗumin jiki fiye da iska, don haka abin da aka shimfiɗa a ƙasa yana da muhimmanci kamar bargon da aka lulluɓa.

Kuskuren da ya fi muni shi ne shiga tanti da kaskon gawayi a rufe. Gawayi yana fitar da iskar kabon monoksayid, irin wadda ke cikin hayaƙin janareta, ba ta da wari ba ta da launi. Tana farawa da ciwon kai da kasala, kuma mai barci ba ya farkawa ya gane.

Ba a yin barcin kirki a daren farko

Gaskiya. Masu bincike a Jami'ar Brown ta Amurka sun gano a 2016 cewa a daren farko a baƙon wuri, ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ba ya nutsawa cikin barci sosai, kuma ƙaramin motsi na tayar da mutum. Ƙari a kan haka, sauti ya fi tafiya nesa da dare, saboda iskar da ke kusa da ƙasa ta yi sanyi. Kukan kura daga nesa sai ka ji kamar a bayan tanti, ɓera a cikin busasshen ganye ya zama kamar takun mutum, mujiya ta yi ƙara kamar ana shaƙe wani. Batun aljanu batu ne na imani, ba shi muke aunawa ba. Abin da za a iya faɗa shi ne yawancin abin da kunne ke ji yana da mai shi a cikin tsuntsaye da dabbobi, kuma zabura a ruga cikin duhu ita ke karya ƙafa.

Wanda ya yi makuwa yana ta zagaye wuri ɗaya

Gaskiya. A 2009 masana daga Cibiyar Max Planck ta Jamus sun bi sawun mutane da na'urar tauraron ɗan'adam a wani daji a Jamus da kuma Sahara ta Tunisiya. Waɗanda suke ganin rana sun miƙe hanya. Waɗanda gajimare ya rufe wa rana, ko wata ya shige gajimare suka rasa shi, sun riƙa lanƙwasa hanya, na cikin dajin har suna komawa kan sawunsu, alhali sun tabbata gaba suke yi. Saboda haka in makuwa ta kama mutum da dare, ya tsaya inda yake har gari ya waye. Wayar hannu ma ba abar dogaro ba ce, domin caji na ƙarewa kuma sabis ba ya shiga ko'ina.

Hukunci

Idan aka jera waɗannan duka, za a ga abu ɗaya: abin da ke razana mutum a daji daban, abin da ke halaka shi daban. Targaɗe, saran maciji, gudawa, jiƙewa cikin sanyi, kowannensu mutum biyu suna iya fita daga cikinsa, amma mutum ɗaya yana iya tsayawa a nan. Bukhari ya ruwaito daga Ibnu Umar gargaɗi a kan tafiyar dare ta mutum shi kaɗai.

A watan Afrilu na 2003 wani Ba'amurke mai suna Aron Ralston, ƙwararre a hawan dutse, ya shiga wani kwazazzabo a Jihar Utah. Dutse ya danne masa hannu, ya kwana biyar a wurin, har sai da ya yanke hannun da ƙaramar wuƙa ya fito. Ƙwarewa yana da ita, kayan aiki yana da su. Abin da bai yi ba shi ne gaya wa wani inda za shi, don haka ba wanda ya san inda za a fara nema. Duk wanda dole ta sa shi kwana a daji shi kaɗai, kafin ya ɗaura jaka ya gaya wa mutum ɗaya a gida wurin da zai sauka, hanyar da zai bi, da lokacin da in bai dawo ba a tashi nemansa.