Aikin Da Ke Share Hawayen 'Yan Mazan Jiya

'Yan uwana mata, ko kun taɓa ganin tsohon sojan da ya yi yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, ko ya je Laberiya cikin rundunar ECOMOG a 1990, yau ga shi buta ta gagare shi ɗauka? A Sakkwato akwai irinsu kwance cikin gidaje, shanyewar ɓarin jiki ta kayar da su.

To, akwai ma'aikaciyar lafiyar da aikinta ke nan. Ita ba allura take yi ba. Har gida take zuwa, ta naɗa wa cokali tsumma ya yi kauri yadda Baba zai iya riƙewa, ta koya masa fara zura hannun da ya shanye in zai sa riga, ta sa a kafa ƙarfen dafawa a makewayi. Inna ma ta nuna mata yadda za ta tayar da shi ba tare da ciwon baya ba.

Ana koyon aikin a makarantar gwamnatin tarayya da ke Oshodi, Legas. Don haka ƙanwata, ki dage da darussan kimiyya. Ranar tunawa da mazan jiya sau ɗaya ce a shekara, 15 ga Janairu, amma alwala kullum ce.