Tayar Keke Marar Iska: Amfaninta da Illarta



Duk wanda ya taɓa tura keke da buhun masara a kariya, rana tsaka, domin ƙaya ta huda masa tif, ba sai an gaya masa ciwon faci ba. Keke shi ne jakin yawancinmu. Da shi muke kai amfanin gona kasuwa, da shi muke ɗauko taki, da shi mai bishara yake zaga ƙauyukansa, da shi kuma ake garzayawa kiran ungozoma da tsakar dare. Ran da ya yi faci nesa da gari, yini ya tafi a banza, wani lokaci ma har kasuwa ta watse ba a kai ba.

Saboda haka ba mu yi mamaki ba da waɗansu 'yan ƙungiya suka tambaye mu labarin tayar da ba a sa mata iska. Sun ji an ce ba ta faci, suna so su sani ko ya kamata ƙungiya ta ciri kuɗi daga asusu ta saro wa 'yan'uwa. Kuɗin asusu gumin mutane da yawa ne. Bari mu duba maganar da kyau kafin a taɓa shi.

Wace iri ce wannan taya?

Tayar da muka saba da ita kashi biyu ce: taya a waje, tif a ciki. Tif shi ke riƙe iska. Ita kuwa marar iska ba ta da tif, ba ta da bawul. Galibi ana yinta da wata irin roba mai kama da soso, amma mai tauri ƙwarai, cike da ƙananan kogo da ido ba ya gani sosai. Ƙaya tana shigarta, ƙusa ma tana shiga, amma babu iskar da za ta fita. Akwai kuma wata irin da ake cusa dunƙulen soson a cikin tayar da muka sani, a madadin tif. Kamfanoni da dama suna yinta, kamar Tannus na Koriya ta Kudu.

Ba sabon abu ba ne

Waɗansu suna tsammani sabon ilimi ne. A gaskiya ita ce ta riga tayar iska zuwa duniya. Kekunan farko a Turai ƙafafun itace gare su, an naɗe su da ƙarfe, har Turawan Ingila suka yi musu laƙabi da mai girgiza ƙashi. Daga baya aka koma sa musu dunƙulen roba. Wani mutumin Sikotlan, Robert Thomson, ya ƙirƙiro tayar iska a shekarar 1845, amma ba ta karɓu ba a lokacin. Sai a 1888 wani likitan dabbobi a birnin Belfast, John Dunlop, ya sake gano dabarar, yana neman sauƙaƙa wa ɗansa hawan kekensa mai ƙafa uku. A 1889 wani mai tseren keke, Willie Hume, ya ci tsere da irin wannan taya a Belfast. A 1891 kuma 'yan'uwan nan biyu masu suna Michelin, a Faransa, suka fito da tayar da ake iya cirewa a yi mata faci a mayar. Cikin 'yan shekaru kaɗan aka watsar da dunƙulen roba.

Ku lura da wannan. Mutanen wancan zamani suna da tayar da ba ta faci, amma suka bar ta, suka rungumi wadda ke faci. Ba wauta ta sa su ba. Sun gane aikin da iska take yi.

Aikin iska a cikin taya

Idan ƙafar keke ta hau dutse, tayar iska takan lotsa ta haɗiye dutsen. Iskar da ke cikin tif duka ita ke ɗaukar bugun, ba wurin da ya taɓa dutsen kaɗai ba. Da an wuce sai taya ta koma yadda take nan take, ba ta cinye ƙarfin mai tuƙi ba sai kaɗan. Soso ba haka yake ba. Ɗan wurin da ya taɓa ƙasa shi kaɗai ke matsewa, kuma ba ya mayar da dukan ƙarfin da ya karɓa, wani kashi yakan zama zafi a cikin robar. Wannan ƙarfi da ya ɓace daga cinyar mai tuƙi ya fito.

Abu na biyu, iska tana ƙaruwa tana raguwa. Ran kasuwa, idan za ka ɗora buhu, sai ka ƙara wa ƙafar baya iska. Idan za ka bi yashi ba kaya, sai ka rage kaɗan, taya ta buɗe, kada ta nutse. Tayar soso taurinta ɗaya ne tun daga masana'anta har ta mutu.

Amfaninta

Kada mu rage mata haƙƙinta, tana da amfani na gaske.

Na ɗaya, ba ta faci. Ƙasarmu ƙasar ƙaya ce: aduwa, magarya, bagaruwa, farar ƙaya, ga kuma tsidau da ke shimfiɗe a bakin hanya. Duk waɗannan ba sa tsayar da ita.

Na biyu, ba ta bukatar famfo, ko sholisho, ko robar bawul. Ko keke ya yi wata uku a jingine, ɗauka kawai za a yi a hau.

Na uku, ba ta fashewa farat ɗaya a gangare, abin da kan kayar da mutum da kayansa.

Na huɗu, tana taimakon wanda ba ya iya gyara da kansa, kamar tsoho, ko gurgu mai keken hannu, ko yarinyar da ke zuwa makaranta ita kaɗai.

Wannan ne ya sa kamfanin Mobike, wanda ya fara zuba kekunan haya a titunan Shanghai ta ƙasar Sin a 2016, ya sa wa kekunansa taya marar iska. Kekuna dubbai ne a warwatse cikin birni, ba mai bin su da famfo. Amma ku duba irin aikinsu: tafiya gajeriya, a kan kwalta, ba kaya. Aikin kekenmu dabam ne.

Illarta

Na ɗaya, tana gajiyar da mutum. Tuƙi yakan fi nauyi, musamman irin masu araha. A tafiyar mil ɗaya ba za a ji sosai ba. A tafiyar mil goma da buhun taki mai kilo 50 a baya, ƙafa za ta ba da labari.

Na biyu, gargada. A hanyar burji kowane dutse sai ya iso hannu da kwankwaso. Mai kai ƙwai ko tumatir kasuwa ya yi tunani, haka ma mai ɗauko marar lafiya ko mace mai ciki.

Na uku, bugun da taya ba ta haɗiye ba, keke ne ke shansa. Wayoyin ƙafa sukan saki ko su tsinke, rim ya lanƙwashe, boris ya ci da wuri. Kekunanmu masu birkin ƙarfe kuwa a jikin rim birki yake kamawa, in rim ya karkace birki ya lalace ke nan. Sai a tsere wa kuɗin faci a faɗa wa kuɗin rim.

Na huɗu, sa ta da wuya, cire ta ya fi wuya. Dole ta matse rim ƙwarai tun da ba iskar da za ta riƙe ta. Akan shanya ta a rana ta yi laushi, sa'an nan a ja ta da ƙarfi a ɗora. Waɗansu da 'yan maƙalai ake kulle su a bakin rim, ɗaya bayan ɗaya. In gyara ya taso wanda sai an cire taya, sau da yawa cirewar takan ɓata ta. Wadda kuma ba ta matse da kyau ba tana iya zamewa daga rim a kan kwana.

Na biyar, kuɗi. Mai kyau ta fi taya da tif tsada nesa ba kusa ba, daga waje ake kawo ta, kuma ba kasafai ake samunta a kasuwannin ƙauye ba. In ta cinye ba gyara, sai sabuwa. Tif kuwa yakan sha faci bayan faci yana aiki, in ya mutu ma a yanka shi a ɗaure kaya da shi. Ga mai faci a gindin bishiya kusan kowace kasuwa, ɗan'uwanmu ne, da wannan sana'a yake ci da iyalinsa.

Akwai abin lura a nan. Ƙungiyar World Bicycle Relief, wadda aka kafa a 2005, ta ƙera keke mai suna Buffalo musamman domin ƙauyukan Afirka, irin su na Zambiya da Kenya. Kariyarsa tana ɗaukar kilo 100. Da suka zo zaɓen taya, ta iska suka sa masa, mai kauri, mai jure ƙaya, wadda kowane mai gyara zai iya yi mata faci.

A yi hankali da girman ƙafa

Wanda ya ƙudura sai ya saya, ga tarkon da zai kiyaye. Kekunan da muka saba da su, irin su Raleigh da Phoenix, a jikin tayarsu an rubuta 28 x 1½. Faɗin rim ɗinsu daga gefe zuwa gefe, a inda taya ke zama, milimita 635 ne. Akwai wata ƙafa ta kekunan zamani da ita ma a Turai ake kiranta inci 28, amma tata milimita 622 ce. Bambancin milimita 13 ne kawai, amma tayar wannan ba ta dace da wancan ba. Mafi yawan tayoyi marasa iska domin kekunan zamani ake yinsu, masu rim mai ɗan leɓe a ciki inda maƙalai za su kama. Rim ɗin tsohon kekenmu ba shi da irin wannan leɓe. Saboda haka kada a saya da ka. A karanta lambar da ke jikin tsohuwar taya, a tafi da ƙafar keken wurin mai sayarwa a gwada.

Inda ta dace

Ta dace da abin da ke tafiya a hankali, kusa da gida: baro, keken guragu, keken yara, da keken da ake 'yan aike-aike da shi cikin gari. Baron ƙungiya da ke kwana a sito, kullum a tarar da ƙafarsa a sace, zai amfana da ita ƙwarai. Sai dai kada a bar shi da kaya a kai kwana da kwanaki, domin wurin da ya danne ƙasa yakan lotse ya ƙi tashi.

Yadda za mu rage faci

Rigakafi ya fi magani. Yawancin facin da muke sha muna iya rage shi da kuɗi kaɗan.

1. A riƙa ba taya iska sosai, musamman kafin a ɗora kaya. Taya mai laushi in ta bugi dutse, rim yakan cije tif ya yi huda biyu kusa da juna, kamar saran maciji. Wannan ba laifin ƙaya ba ne.

2. Bayan an yi faci, a shafa cikin taya da yatsa a hankali, a nemo ƙayar a cire. In an bar ta, za ta sake huda tif kafin a kai gida.

3. A duba ƙyallen da ke rufe kawunan wayoyi a cikin rim. In ya tsufa a sake shi. Ana iya yanka tsohon tif a yi shi.

4. In iska tana sacewa a hankali ba a ga huda ba, a fara duba robar bawul. Zafi yakan cinye ta, kuɗinta kuwa ba shi da yawa.

5. A samu tsohuwar taya, a yanke wayar bakinta biyu, a goge gefen ya yi sumul, a shimfiɗa ta cikin sabuwar tsakanin taya da tif. Keke zai ɗan ƙara nauyi, amma ƙaya da yawa ba za ta kai ga tif ba.

6. In an bi ta cikin ƙaya, a sauka a juya ƙafa a tsince wadda ta maƙale tun ba ta nutse ba. Masu shingen ƙaya kuma kada su zubar da reshe a kan hanyar jama'a.

7. Kada a jingine keke cikin rana kullum. Rana tana tsattsaga roba.

8. Ƙungiya ta sayi famfo mai kyau da akwatin kayan faci, a ajiye wurin ma'aji ko a gidan mai bishara. A koya wa matasa biyu ko uku yin faci mai kyau, har da 'yan mata.

Shawararmu

Ga keken da ke ɗaukar kaya a hanyar ƙauye, mu dai a tsaya ga tayar iska mai kauri, a kula da ita. Kada a kwashi kuɗin asusu a saro taya marar iska da yawa saboda jin labari. Ku tuna da misalin da Ubangijinmu ya bayar cikin Luka sura 14, na mai ginin da ya kamata ya zauna ya yi lissafi tukuna.

Amma sai an gwada akan san na ƙwarai. Ƙungiyar da ke da hali tana iya sa ta a baro ɗaya, ko a keke ɗaya da rim ɗinsa ya dace. A samu wani keke mai tayar iska da ke bin hanya iri ɗaya. Sakatare ya buɗe shafi biyu a littafinsa, ya riƙa rubuta duk abin da aka kashe wa kowannensu: faci, wayoyi, rim, boris, da ranakun da keke ya kwana bai yi aiki ba. A riƙa tambayar masu hawa yadda jikinsu yake ji. A yi haka rani ɗaya da damina ɗaya, sa'an nan a karanta lissafin a gaban taron ƙungiya, a yanke shawara tare.

In kun gwada, ku rubuto mana abin da kuka gani, domin sauran ƙungiyoyi su ƙaru da ku. Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka ga aikin hannuwanmu. Amin.