Abin da Baƙon Masunci Ya Kamata Ya Sani Kafin Ya Tura Kwale-kwale a Ruwan Kudu

A unguwannin Hausawa na Fatakwal da Anaca da Inugu, ba a rasa matasan da suka taso a bakin kogi, a Yawuri ko Argungu ko Hadejiya, waɗanda neman abinci ya kai su dako da tura baro da sayar da gwari. Idan kasuwa ta yi sanyi, tunanin da yawansu yakan koma kan sana'ar gado, musamman ganin ruwa shimfiɗe a gefen gari da kuma tsadar kifi a kasuwar Creek Road ta Fatakwal ko kasuwar Ose ta bakin Kwara a Anaca.

Tunanin ba sabo ba ne. Sarkawan ƙasar Kabi sun daɗe suna bin Kwara zuwa kudu da jiragensu don yin su. Sai dai waɗancan magabata a ƙungiya suke tafiya, da manya a gaba. Mai farawa shi kaɗai a yau yana sa jarinsa da ransa ne a cikin ruwan da bai san halinsa ba.

Ruwan garuruwan uku ba ɗaya ba ne. A Anaca, Kwara ce dai wadda ɗan Yawuri ya sani, sai dai ta haɗu da Binuwai a Lakwaja ta ƙara faɗi da ƙarfi. Tafkin Oguta na Jihar Imo, da ke kudu da Anaca, shi ma ruwan daɗi ne. Inugu kuwa garin tudu ne, ruwanta ƙananan tafkuna ne irin na Nike, don haka mai son su da jirgi daga can sai ya yi tafiya. Inda lissafi ke sauyawa gaba ɗaya shi ne Fatakwal da kewayenta, kan Kogin Bonny da rassan da suka ratsa ƙasar Okrika da Kalabari da Andoni, inda ruwan kogi ke gauraya da na teku.

Babban darasin farko a nan shi ne cika da janyewar ruwa. A Arewa kogi yana cika da damina, ya janye da rani, masunci na lissafinsa da watanni. A bakin teku abin da sa'o'i ake lissafa shi. Ruwa yakan cika sau biyu ya janye sau biyu a yini da dare, kowane zango na ɗaukar sa'o'i shida da 'yan mintuna, kuma kullum lokacin yana jinkirta da kimanin minti 50. Wanda ya ga ruwa ya cika da ƙarfe bakwai na safe yau, gobe sai wajen takwas saura.

Sakamakon rashin sanin wannan ba ƙarami ba ne. Mashigar da mutum ya bi da hantsi, ruwa har wuya, tana iya zama taɓo zalla da azahar, jirgi ya kafe, shi kuwa taɓon ba ya takuwa, yana iya haɗiye mutum har ƙugu. Sai a zauna jiran ruwa na sa'o'i, rana na duka, kifin da aka kama na lalacewa. Haka kuma kallin da aka kafa ba tare da la'akari da inda ruwa zai juya ba, yana iya wayar gari a naɗe jikin saiwoyi ko ya bi ruwa ya tafi.

A nan Bahaushe yana da wata riba da sau da yawa bai san yana da ita ba, wato lissafin watan Musulunci. Jan da wata da rana ke yi wa teku shi ke haddasa wannan motsi. A farkon wata da kuma ranakun 14 da 15, lokacin da wata ya cika, ruwa ya fi hawa, ya fi janyewa, gudunsa ma ya fi ƙarfi. A wajen 7 da 8, da kuma 22 da 23, motsin yakan lafa. Mai koyo zai fi samun sauƙi idan ya sa fitarsa ta farko a kwanakin lafawar. Ana fitar da jadawalin cika da janyewa na tashoshin ƙasar nan a hukumance, kuma akwai manhajojin waya masu nuna haka, amma duk ba su kai idon ɗan gari ba.

Shi ya sa shawarar da ta fi kowace muhimmanci ita ce kada baƙo ya fara da sayen jirgi. Ya fara da zama yaron jirgin wani, ko da na damina ɗaya ne. Rassan ruwan suna kama da juna ƙwarai, domin itatuwan da mutanen yankin ke kira angala, masu saiwoyi tsaye a saman taɓo, sun lulluɓe kowace gaɓa. Babu dutse, babu kuka ko giginya da za a yi alama da ita. Mutum kan yi kwana uku kawai, hagu da dama, ya rasa ta inda ya shigo.

Sai batun izini, wanda yake hawa biyu. A hukumance, Dokar Kamun Kifi a Ruwayen Cikin Gida ta 1992 ta wajabta lasisi ga jirgin su mai inji, ta haramta amfani da guba da abin fashewa da lantarki, ta kuma hana raga mai idon da bai kai milimita 76 ba, in ban da wasu nau'o'in da aka keɓe don ƙananan kifaye. Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Gida, NIWA, mai hedikwata a Lakwaja, tana da ofisoshi a Anaca da Fatakwal, kuma ita ke rajistar jiragen ruwa.

Hawa na biyu ba a rubuce yake ba, amma shi ya fi saurin jawo rigima. Kamar yadda ba a shiga ruwa a Kabi sai da sanin Sarkin Ruwa, haka a Kudu kowane rafi da kowace fadama akwai garin ko gidan da ke da iko da su. Wasu wuraren ana biyan kuɗin shekara, wasu akwai ranakun da ba a su, wasu kuma an keɓe su saboda al'ada. A tafkin Agulu na Jihar Anambra, alal misali, ba a kashe kada. Baƙo ba sai ya yarda da dalilin ba, amma wajibi ne ya kiyaye, domin kuskuren mutum ɗaya a irin wannan wuri unguwa guda yake shafa. Hanyar da ta fi dacewa ita ce ta Sarkin Hausawan garin, shi ya gabatar da mutum ga masu ruwa da ƙungiyar masunta.

Kifin ma daban ne. A Anaca da Oguta za a tarar da su tarwaɗa da ƙurungu da karfasa da giwan ruwa. Da an gangara ruwan gishiri sai waɗannan su ragu, bonga ta karɓi fage, tare da karfasar da ke jure gishiri, da warushe, da jatan lande da ƙaguwa. Iyakar ba a tsaye take ba: da damina ruwan daɗi kan tura gishiri baya zuwa teku, da rani gishirin ya hauro. Birgi da mamari da gura duk suna aiki, sai dai gishiri na cin ƙarfe. Ƙugiya kan yi tsatsa cikin kwanaki, inji kuwa in ba a ɗauraye shi da ruwan daɗi bayan kowace fita ba, ba zai daɗe ba. Mai sauka a ruwa mara zurfi kuma ya riƙa jan ƙafa a ƙasa maimakon ɗaga ta, saboda kunamar ruwa da ke kwanciya cikin yashi.

Game da tsaron rai, kayan ba su da yawa: rigar ceto, da abin kwarfar ruwa, da filafili ko da akwai inji, da tocila, da ruwan sha, da waya a cikin leda. Mai kuwa a kasa shi uku, kashi ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa, ɗaya na ko-ta-kwana. A kuma faɗa wa wani a gida inda aka nufa da lokacin dawowa. Wasu masunta na ganin sa rigar ceto kamar raina gwanintarsu ce ta iyo, alhali Hausawa da kansu suka ce gwanin ruwa shi ruwa kan ci. Haɗarin jirgin da ya auku a Ogbaru, kudu da Anaca, lokacin ambaliyar Oktoban 2022, wanda aka ruwaito ya ci rayuka fiye da 70, ya nuna abin da Kwara ke iya yi idan ta tumbatsa.

Kogin Bonny kuma hanya ce ta manyan jiragen da ke zuwa tashoshin Onne da Fatakwal, da jiragen fasinja masu gudu. Igiyar da suke tayarwa ta isa ta kifar da kwale-kwale idan ta same shi ta gefe, don haka ana fuskantar ta ne da goshin jirgi. A nisanci bututun mai da dandamalin kamfanoni, kada kuma a ɗauki jarkokin mai fiye da buƙata, domin jami'an tsaron da ke farautar masu satar mai ba su san baƙo ba. Ya riƙe katin shaidarsa da na ƙungiya a jikinsa.

Akwai kuma ruwan da bai kamata a yi su a cikinsa ba. Rahoton da Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2011 kan ƙasar Ogoni ya bayyana yadda malalar mai ta lalata rafuka da wuraren hayayyafar kifi a yankin. Inda aka ga ƙyallin mai a saman ruwa, ko saiwoyin angala sun yi baƙi sun mutu, kifin wurin kan ɗauki warin mai, masu saye kuma suna ganewa.

Ciniki a waɗannan gaɓoɓi galibi a hannun mata yake, su ke saye a bakin ruwa, su yi banda, wani lokaci su ba masunci bashin raga ko mai bisa sharaɗin su zai sayar wa. Tsarin yana taimakon mara jari, amma a tsayar da magana a gaban shaidu tun kafin a karɓi kuɗi. Saboda laimar yankin, kifin da aka kama da asuba ba ya jira har la'asar, don haka a san wa za a sayar wa, ko a tanadi ƙanƙara ko itacen banda, tun kafin a kwance jirgi daga gaɓa.