Ziyartar Tsohuwar Tashar Jirgin Ƙasa ta Ƙaura Namoda

Layin dogo bai taɓa isa Anka, Gummi ko Bukkuyum ba. Mafi kusa shi ne wanda ya taso daga Zariya, ya ratsa Funtuwa da Gusau, ya tuƙe a Ƙaura Namoda a shekarar 1929. Ta kansa aka riƙa fitar da gyaɗa da auduga zuwa Ikko.

Tashar da gadojin layin mallakar Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya ne, don haka mai son ɗaukar hoto ya fara neman izinin ma'aikatanta. A guji hawa gada, musamman da damina, domin tsohon katako kan ruɓe. Ana kuma roƙon hakimai da dagatai su kai rahoton duk wanda aka gani yana kwance ƙarafan dogo don sayar wa 'yan gwangwan.