Yawan Samfuri da Hukuncin Ƙididdiga a Binciken Ilimi

Mai binciken ilimi da ke son sanin ko wata dabarar koyarwa tana inganta karatun yara ba shi da halin gwada kowane ɗalibi a jiha ko a ƙasa, don haka yakan ɗebi wani adadi daga cikinsu ya yi nazari a kai, sa'annan ya yanke hukunci a kan sauran. Wannan adadi da aka ɗebo shi ake kira samfuri, jimlar waɗanda ake son yin magana a kansu kuwa ita ce al'ummar bincike. Yawan samfurin ba ƙaramar magana ba ce, domin shi ke nuna irin hanyar ƙididdigar da ta dace a bi, shi ke kuma iyakance abin da mai bincike yake da hurumin faɗa bayan ya gama lissafi.

Tushen al'amarin wata ƙa'ida ce da masanin lissafi Abraham de Moivre ya bayyana a ƙarni na 18, wadda ke cewa kuskuren da ke cikin samfuri yana raguwa idan samfurin ya ƙaru, amma ba daidai da ƙaruwarsa ba. Idan aka tambayi malamai 100 da aka zaɓo bisa ƙuri'a ra'ayinsu a kan sabuwar manhaja, sakamakon na iya kauce wa gaskiya da kusan kashi 10 cikin 100 ta sama ko ta ƙasa. Idan aka kai su 400 kaucewar za ta dawo kusan kashi 5, kuma sai an kai 1,600 kafin ta sauka zuwa kashi 2.5. Ke nan rage kuskure da rabi yana bukatar a riɓanya samfuri sau huɗu. Abin da ke ba mutane mamaki shi ne yawan al'ummar kanta ba ya sauya lissafin sosai da zarar ta yi girma, kamar yadda mai sayen gero ke ɗibar hannu ɗaya ya gane ingancin buhu, ƙarami ne ko babba, muddin ba a jera mai kyau a sama an ɓoye ƙaiƙayi a ƙasa ba. Jadawalin da Krejcie da Morgan suka wallafa a 1970 ya nuna haka ƙarara: al'umma mai mutum 1,000 tana bukatar samfurin 278, mai 10,000 tana bukatar 370, mai miliyan ɗaya kuwa 384 kacal.

Rashin lura da wannan ƙa'ida ya taɓa ruɗar masu tsara manufofin ilimi a Amurka, inda aka lura cewa ƙananan makarantu sun yi yawa a sahun waɗanda suka fi cin jarrabawa, aka ɗauka ƙanƙantar ce sirrin nasara, har aka kashe maƙudan kuɗi wajen rarraba manyan makarantu. Masanin ƙididdiga Howard Wainer ya duba sakamakon makarantun jihar Pennsylvania, ya tarar ƙananan makarantun sun yi yawa a sahun ƙarshe ma, domin matsakaicin makin 'yan tsirarun ɗalibai yana saurin hawa da sauka gwargwadon hazaƙa ko raunin mutum biyu ko uku. Haka lamarin yake idan aka jera makarantu bisa sakamakon WAEC ko NECO, tun da a makarantar da ta zaunar da ɗalibai 20 faɗuwar yaro ɗaya na rage kashi 5 cikin 100, alhali a wadda ta zaunar da 500 da ƙyar za a ga alamarta.

Idan samfuri ya yi kaɗan, hanyar lissafin ma dole ta sauya. William Gosset, wanda ke aiki a kamfanin Guinness da ke Dublin, ya wallafa a 1908, da sunan aro na Student, hanyar da ta zama gwajin t, wato gwajin da ke auna ko bambancin matsakaicin maki tsakanin rukuni biyu ya wuce abin da dace kawai zai iya haifarwa. Gwajin yana tsananta sharaɗi gwargwadon ƙarancin mutane: da ɗalibai biyar a kowane rukuni sai lambar gwajin ta haura 2.31 kafin a amince da bambancin, alhali a babban samfuri 1.96 ta wadatar. Gwajin kai-sukwaya, wanda ake amfani da shi wajen bayanan da aka kasa gida-gida, kamar maza da mata ko ci da faɗuwa, yana rasa inganci idan adadin da ake sa ran samu a wani gida bai kai biyar ba, a nan ne akan koma ga gwajin da Ronald Fisher ya tsara don irin wannan hali. Akwai kuma gwajin Mann da Whitney na 1947, wanda ke aiki da matsayin ɗalibai a jeri maimakon makinsu, kuma yana da amfani idan mutanen kaɗan ne, makin nasu kuma ya karkata gefe guda.

Sai dai zaɓen gwajin da ya dace ba ya magance babbar illar ƙaramin samfuri, wadda ita ce raunin gano gaskiya. Ƙarfin gwaji na nufin yiwuwar bincike ya gano bambancin da hakika yana nan, kuma Jacob Cohen ne ya fi kowa jawo hankali a kansa, tun daga nazarinsa na 1962 da ya nuna cewa bincike-binciken da ake wallafawa a wata babbar mujallar nazarin halayyar ɗan Adam ba su da ko rabin damar gano tasiri matsakaici. Cohen ya kasa girman tasiri gida uku, ƙarami da matsakaici da babba, ya ba su lambobin 0.2 da 0.5 da 0.8. Domin a sami damar kashi 80 cikin 100 ta gano tasiri babba ana bukatar ɗalibai 26 a kowane rukuni, matsakaici yana bukatar 64, ƙarami kuwa kusan 400. Abin lura shi ne galibin dabarun koyarwa, idan aka gwada su a makarantu na zahiri, tasirinsu ya fi kusa da ƙarami. Saboda haka ɗalibin digiri da ya kwatanta yara 30 da wasu 30, ya rubuta cewa babu bambanci mai muhimmanci, bai tabbatar da cewa dabarar ba ta aiki ba. Abin da ya nuna kawai shi ne samfurinsa bai isa ya gani ba. Idan kuma ya yi sa'ar samun bambancin, akwai yiwuwar girman da ya samu ya zarce na gaskiya, domin a ƙaramin samfuri sai sakamakon da ya kumbura ne ke iya tsallake sharaɗin.

Babban samfuri shi ma yana da nasa tarkon, domin da ɗalibai 10,000 a kowane ɓangare bambancin rabin maki cikin ɗari na iya fitowa a matsayin mai muhimmanci a lissafi, duk da cewa babu shugaban makarantar da zai sauya manhaja saboda shi.

A jami'o'i da kwalejojin ilimi na Nijeriya an saba ganin kundin bincike yana dogara da jadawalin Krejcie da Morgan ko kuma dabarar Taro Yamane ta 1967, har lambar 384 ta zama tamkar hatimin inganci. Waɗannan hanyoyi ba su da laifi a muhallinsu, amma tambaya ɗaya suke amsawa, wato mutum nawa za a tambaya domin ƙiyasta wani kaso da kuskuren kashi 5 cikin 100, bisa sharaɗin cewa an zaɓo kowa ta ƙuri'a. Ba su faɗi komai a kan gwajin dabarar koyarwa ba, ba su kuma wanke samfurin da aka tattara daga makarantun bakin titi a hedikwatar jiha alhali ana magana da sunan yaran karkara ba, domin son kai a wajen zaɓe ba ya raguwa da ƙarin adadi.

Matsalar da ta fi zama ta binciken ilimi kansa ita ce ɗalibai ba su zuwa ɗaiɗai, a aji suke, ƙarƙashin malami ɗaya, daga unguwa ɗaya, don haka makinsu yana kama da juna, kuma yaro na arba'in a aji ba ya kawo sabon bayani kamar yadda yaro na farko a wata makaranta zai kawo. Leslie Kish ya bayyana a 1965 yadda ake auna wannan asara. Idan kashi 20 cikin 100 na bambancin maki ya samo asali ne daga bambancin azuzuwa, aka kuma ɗauki azuzuwa goma masu yara 40 kowanne, to ɗalibai 400 ɗin nan ba su fi ƙimar mutum 45 da aka zaɓo ɗaiɗai ba. Mai binciken da ya ba aji ɗaya sabuwar dabara, ya bar ɗaya a kan tsohuwa, yana da yara da yawa a takarda, amma a hakika rukuni biyu kawai ya kwatanta, kuma ba shi da hanyar raba tasirin dabarar da ƙwazon malamin da ya koyar da ita.

Wannan ne ya sa manyan binciken duniya suke ƙidayar makarantu kafin ƙidayar yara, kamar TIMSS, mai auna lissafi da kimiyya, wanda ke neman aƙalla makarantu 150 da ɗalibai kimanin 4,000 daga kowace ƙasa. Binciken STAR da aka gudanar a jihar Tennessee daga 1985 zuwa 1989, a kan tasirin yawan yara a aji, ya shafi ɗalibai kusan 11,600 a makarantu 79, kuma a cikin kowace makaranta ƙuri'a ce ta raba yara da malamai tsakanin ƙananan azuzuwa masu yara 13 zuwa 17 da na al'ada masu 22 zuwa 25. Yaran ƙananan azuzuwan sun fi takwarorinsu maki a karatu da lissafi, kuma tun da an maimaita kwatancen a makarantu da yawa, da malamai daban-daban, ya yi wuya a jingina fifikon ga malami ɗaya ko unguwa ɗaya.