Me ya sa yara masu ƙanjamau ke tsallake ranar komawa asibiti?

Tun 2006 kyauta ake ba da maganin ƙanjamau a Nijeriya, amma kuɗin mota ba kyauta ba ne. Uwar da ke ƙauyen Maiyama sai ta nemi izinin maigida, ta biya acaɓa da mota zuwa asibiti a Jega, alhali sufuri ya yi tsada tun cire tallafin mai a 2023. A Aliero kuwa, lokacin ciran albasa kowa yana gona.

Babbar matsalar dai tsoron tsangwama ce. Wata uwar takan ɓoye wa miji ko kishiya cutar, balle maƙwabta, don haka ba ta da hujjar fita wata-wata. Yaron ma galibi ba a gaya masa me yake sha ba. Maraya kan koma hannun kakar da ba ta san ranar ba. Da yaro ya murmure, sai a ce ya warke.

Bai warke ba. Da nauyin jiki ake auna maganin yaro, dole a riƙa gyara shi yayin da yake girma, tsallake shi kuma na sa ƙwayar cutar ta daina jin magani. Iyaye, in tafiyar ce ta gagara, ku tambayi ma'aikatan asibiti ko za su ba ku na wata 3.