Lauya A Gaban Alƙali: Wakili Ne Ko Baƙo?

 Ya 'yan'uwa Musulmi, akwai wata tambaya da fatake da 'yan kasuwa suka sha yi mana a Yalwan Damai da sauran garuruwan ƙasar Birnin Kudu da Gwaram. Suna cewa: shin ya halatta Musulmi ya ɗauki lauya ya tsaya masa a kotun shari'ar Musulunci, ko kuwa wannan wata bidi'a ce da Nasara ya bar mana? Tambayar ba ta wasa ba ce, domin a bayanta akwai gonaki da gidaje da jarin mutane.

Dattawanmu ba su san lauya a gaban alƙali ba. A zamanin En'e, lokacin da Birnin Kudu da Gwaram suke gundumomi a ƙarƙashin Sarkin Kano, mai ƙara da wanda ake ƙara su ne ke gurfana da bakinsu, muhuti yana rubutu, alƙali yana duba Risala da Muhtasar da Tuhfa. Dokar Turawa ta hana lauyoyi shiga waɗannan kotuna. A 1960 aka soma aiki da kundin Final Kot, aka kuma kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Kaduna, wadda Shehu Abubakar Mahmud Gumi ya zama Alƙalin Alƙalanta a 1962. Tsakanin 1967 da 1968 gwamnatin soja ta karɓe kotuna daga hannun sarakuna ta mayar da su Kotunan Yanki, amma hanin nan bai gushe ba.

Tsarin mulkin 1979 shi ne ya buɗe ƙofa. A 1982, a shari'ar Uzodinma da Kwamishinan 'Yan Sanda, Babbar Kotu ta ce hana wanda ake tuhuma ɗaukar lauya a Kotun Yanki ya saɓa wa tsarin mulki. A 1985 kuma, a shari'ar Karimatu Yakubu da Yakubu Paiko, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tarayya ta tabbatar wa lauyoyi ikon tsayawa a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a. Saboda haka, ko da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, aka kuma ƙaddamar da shari'ar Musulunci a cikinta a shekarar 2000 bayan Zamfara, lauya ya riga ya sami gindin zama. Yau ba abin mamaki ba ne a ga lauyoyi biyu suna jayayya a kan rabon gado a gaban alƙali mai rawani.

To, me fiƙihu ya ce? Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun san wannan aiki tun ba a san Ingila a ƙasar nan ba. Sunansa wakilci a cikin husuma, kuma Ibn Asim na Garnaɗa ya ware wa wakilci babi a cikin Tuhfatul Hukkam, haka ma Shehu Halilu a Muhtasar. Sun halatta mutum ya wakilta wani ya yi shari'a a madadinsa, ko da abokin shari'arsa bai so ba, amma da sharuɗɗa. Wakili ɗaya ake ɗauka, ba taro ba, sai fa in abokin shari'a ya yarda. Ba a wakilta maƙiyin abokin shari'a don a ƙuntata masa. Wanda kuma ya riga ya zauna da abokin shari'arsa a gaban alƙali har kamar sau uku, ba shi da ikon kawo wakili sai da uzuri, kamar ciwo ko tafiya. Mai hankali zai ga hikimar wannan sharaɗi na ƙarshe: an toshe ƙofar jan shari'a ne, domin kada wanda ya ga gaskiya ta kusa kama shi ya komar da magana farko.

Ashe ke nan lauya ba baƙo ba ne, wakili ne. Abin da shari'a ta haramta shi ne tsaya wa ƙarya. A Suratun Nisa'i, aya ta 105, Allah Ya hana a zama mai jayayya domin kare maha'inta. A hadisin Ummu Salama kuma, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, Manzon Allah ya yi gargaɗi cewa wani yakan fi wani iya tsara hujja, kuma wanda aka yanke masa haƙƙin ɗan'uwansa ta wannan hanya, yankin wuta aka yanka masa. Hukuncin alƙali ba ya mayar da haram halal. Lauyan da ya san mai ba shi kuɗi ya ci bashin nan, ya kuma dinga neman a ɗage zama don mai haƙƙi ya gaji ya haƙura, to, shi da shi sun yi tarayya a cikin zunubi.

Amma kada mu tsaya ga zargin lauyoyi kurum, domin akwai wurin da rashinsu yake cutar da mu. Sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya taƙaita hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ga al'amuran iyali: aure da saki, riƙon yara da marayu, waƙafi, kyauta, wasiyya da gado. Kotun Ƙoli ta ƙarfafa wannan iyaka a shekarar 2000, a shari'ar Magaji da Matari, inda ta ce jayayyar mallakar ƙasa wadda ba ta gado ba ce ba ta cikin hurumin wannan kotu. Bari mu buga misali. Wani falke a Yalwan Damai ya ba wani mutumin Gwaram buhunan riɗi bashi, suka yi shari'a, magana ta yi ta hawa har Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Dutse, falke ya yi nasara. Sai abokin shari'arsa ya ɗauki lauya ya wuce gaba, ya ce wannan ciniki ne, ba gado ba. Nan take ana iya rushe hukuncin saboda rashin hurumi, a ce a koma Babbar Kotun Jiha. Shekaru sun tafi, kuɗin mota ya tafi, jari ya karye, alhali ba a ma taɓa maganar gaskiyar bashin ba. Da falken nan ya sami mai sani tun farko, da bai ɓata hanya ba.

Nan ne ciwon yake. Muna da lauyoyin da suka ƙware a tsarin mulki amma ba su san i'izari ba, ba su iya rarrabe mudda'i da mudda'a alaihi ba, alhali a kan wannan rarrabewa ne ake sanin wanda zai kawo shaidu da wanda zai yi rantsuwa. Muna kuma da malamai da suka haddace Tuhfa amma ba su san iyakar hurumin kujerar da suke kai ba. Magabata sun hango haka, shi ya sa aka buɗe Makarantar Shari'a ta Kano a 1934, aka ɗauko mata malamai daga Sudan, wadda ta zama Makarantar Ilmin Larabci a 1947. Yau Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano suna koyar da shari'ar Musulunci haɗe da dokar ƙasa, ga kuma kwalejin nazarin shari'a a Ringim. Ya kamata iyaye masu hali, musamman ma'aikatan gwamnati, su tura 'ya'yan da suka yi karatun allo da na littattafai wannan fanni, su daina kallonsa a matsayin sana'ar maƙaryata. In mutanen kirki suka guje shi, wa za a bar wa?

Ku kuwa 'yan kasuwa, maganinku yana hannunku. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Kunyar surukai da ta abokai ita ce ke hana mu rubutu, sai mutuwa ko mantuwa ta zo, magada su yi ta rantse-rantse. Ku rubuta adadi da farashi da ranar biya, shaidu biyu su sa hannu. In saɓani ya auku, a fara da sulhu a gaban liman ko dagaci. In ya gagara, ku nemi wakili mai tsoron Allah, ku faɗa masa gaskiya duka, ku tambaye shi kotun da ke da hurumi kafin ku biya ko sisi.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, Ya kuma tsare alƙalanmu da lauyoyinmu daga cin haƙƙin bayinSa. Amin.